Yadda Za Ka Gano Kabarin Kakanka Na Yaƙin Burmi, Ka Gyara Shi Bisa Sunna

Ranar da muka fara fita neman kabarin kakan mahaifina mu biyar ne, kowa kuma da inda yake nunawa. Wannan ya ce gindin aduwa, wancan ya ce a'a, can wajen burtali. Mutumin da muke nema yana cikin waɗanda suka tsaya a Burmi. Ya tako da ƙafarsa tun daga ƙasar Gombe har gaɓar kogin Shuɗin Nilu a ƙasar Sudan, ya yi noma, ya ga jikoki, ya rasu da furfurarsa a wani ƙauye kusa da Maiurno. Babu yaron da ya tashi a gidanmu bai ji labarin tabon harsashin da ke kafaɗarsa ba. Amma ƙasar da ke kansa, ba mai iya rantsewa ya ce ga ta nan. Sai da muka ci rani biyu kafin muka tabbatar da wurin. Abin da aikin ya koya mana shi zan shimfiɗa a nan daki-daki, domin na san ba gidanmu kaɗai ke da irin wannan kabari ba.

Ga wanda bai san tushen zancen ba, Turawan Ingila sun ci Sakkwato ranar 15 ga Maris 1903. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya ƙi miƙa wuya, ya fuskanci gabas da niyyar hijira, jama'a kuwa suka yi ta barin gidaje da gonaki suna bin sa. A Burmi, kusa da Bajoga ta jihar Gombe a yau, aka gwabza sau biyu. A watan Mayu an kori sojan Turawa, amma ranar 27 ga Yuli suka dawo da ƙarfinsu, Sarkin Musulmi ya yi shahada tare da ɗaruruwan mutane, su ma Turawa suka rasa Manjo Marsh. Ɗan Sarkin Musulmi, Muhammadu Bello Mai Wurno, shi ya ja ragowar jama'a suka ci gaba da tafiya har Allah ya kawo su Shuɗin Nilu. Suka sauka a Shehu Talha, daga baya suka kafa garin da ke amsa sunansa, kudu da Sinnar, wajen 1906.

Wanda ya ga Burmi yana saurayi, in Allah ya ja kwanansa, ya kai shekarun 1950 ko ma 1960. Ke nan yaran da suka bi gawarsa makabarta yau sun haura saba'in, wasu sun doshi casa'in. Wannan lissafi shi ya sa aikin ba a makabarta yake farawa ba.

Ka fara da zauren dattawa

Kafin ka ɗauki fartanya, ɗauki sukari da gahawa da ɗan goro ka je gaida tsofaffi. Ka rubuta sunayen duk waɗanda suke da wayo lokacin rasuwar, na dangi da na maƙwabta, ka fara da wanda ya fi tsufa ko wanda jikinsa ya fi rauni. Kada ka ce sai bayan salla. Mun ce sai bayan salla game da wani dattijo da aka ce shi ya riƙe tulun ruwa ranar jana'izar, kafin sallar ta zo muka kai shi wannan makabartar da muke son ya nuna mana.

Kowane dattijo ka same shi shi kaɗai. In ka tara su wuri guda, mai ƙarfin murya zai faɗi nasa, sauran su ce haka ne don kunya. Kuma kada ka sa masa magana a baki. In ka ce, "Baffa, ba gindin aduwar nan ba ne?" zai ce eh, ko don ya faranta maka. Ka tambaye shi ta wace hanya aka shiga da gawar, rana tana ina, wa ya yi masa salla, wa aka binne kafin shi, wa aka binne bayansa. Wannan tambaya ta ƙarshe ta fi kowace amfani, domin tsofaffin makabartu a jere ake binnewa, gida-gida, kuma sau da yawa an manta kabarin tsoho amma an san na matarsa ko na ɗansa da aka kwantar kusa da shi daga baya.

Kada ka tsallake mata don ba su je makabarta ba. Su ne ke riƙe da lissafin rasuwa. Wata gwaggon mahaifina, da idonta ya daina gani, ita ta warware mana ƙullin. Ta ce da ni, "Ɗana, ai lokacin da kishiyar innarmu ta rasu, maza sun dawo suna cewa an sa ta a ƙafafun Malam." Kabarin waccan baiwar Allah kuwa sananne ne, jikokinta ba su taɓa barin sa ya ɓace ba.

Tsoho ba zai ba ka shekara ba, zai ba ka abin da ya faru. To sai ka riƙe wasu shekarun a kanka ka riƙa auna maganarsa da su. An gama madatsar ruwan Sinnar a 1925. An yi babbar ambaliya a 1946, an sake yin wata a 1988. Sudan ta sami 'yanci ranar 1 ga Janairu 1956, Abbud ya karɓi mulki a 1958, Numairi a 1969, fari da yunwa kuma suka auku a 1984 zuwa 1985. In aka ce maka ya rasu bayan an sauke tutar Turawa amma kafin Abbud, ka ga an matse maka lokacin cikin shekara uku.

Ka nemi izininsa ka naɗi muryarsa a waya. Ka bar shi ya yi magana da harshen da ya zo masa, ko Hausa ko Fulatanci ko Larabci, kada ka katse shi don ya fassara. In ya kauce ya shiga labarin tsinkar auduga a Jazira, ka ƙyale shi, zai dawo da kansa, kuma sau da yawa a cikin kaucewar ne abin da kake nema yake fitowa.

Izini

Makabarta ba gonar gado ba ce, ta jama'a ce. Ka fara da babban gidanku, don kada wani baffa ya ji labari a bakin kasuwa cewa ana taɓa kabarin kakansa. Daga nan ka je wurin liman, sannan shehun hilla ko umda, wato mai unguwa ko dagaci, ka faɗa musu abin da za ka yi da abin da ba za ka yi ba: ba tono, ba gini, ba ƙubba. Sannan ka nemi masu haƙar kabari na garin. Su ne suka san ƙasar da tafin hannunsu, sun san inda diga ta taɓa cin karo da tsohon lahadu aka mayar aka matsa gaba. Ka girmama su, ka biya su ladan yininsu.

Lokacin da ya dace, da abin da yaƙi ya bari

Daga Yuni zuwa Oktoba ruwa ake yi, laka ba ta takuwa, ciyawa kuma ta rufe komai. Daga Maris zuwa Mayu zafi ba zai bar tsoho ya tsaya a fili ba. Lokacin aikin shi ne Disamba zuwa Fabrairu, an kai riɗi da dawa gida, ciyawa ta bushe ta kwanta, mutane sun sami sarari. Ka fita bayan asuba. Hasken hantsi da ke zuwa a kaikaice yana fito da inuwar tudun da ya kusa shafewa, wanda da rana tsaka ba za ka gan shi ba ko kana tsaye a kansa.

Akwai wata magana da dole in faɗe ta da babbar murya. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilu 2023 ya iso jihar Sinnar, an gwabza a Jabal Moya da Sinja a 2024. Duk filin da aka daɗe ba a taka ba, ka tambayi mutanen wurin ko mayaƙa sun taɓa zama a ciki ko an yi harbi ta wajen. In ka ga baƙon ƙarfe a cikin ciyawa, ko ya yi tsatsa, kada ka taɓa, kada ka jefe shi, kada ka bar yaro ya matsa. Ka koma ta sawun da ka shigo, ka sa alama daga nesa, ka sanar da hukuma da masu aikin cire nakiyoyi. Ka kuma sani cewa a shekarun nan an binne mutane cikin gaggawa a wurare da yawa, don haka sabon tudun da ba ka san mai shi ba shi ma amana ne. Ban da wannan akwai kububuwa da kunama a cikin tsagar laka. Ka sa takalmi rufaffe, kada ka cusa hannu ƙarƙashin dutse.

Zuwan farko na ido ne

Ranar farko ba a zuwa da kayan aiki. Ka ɗauko dattijo ɗaya a karo, ka tanadi ruwa da kujera. In kun isa ku yi sallamar da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya koyar: Assalamu alaikum ahlad diyari minal mu'minina wal muslimin, wa inna in sha Allahu bikum lahiƙun, as'alullaha lana wa lakumul afiya. Ba a taka kabari, ba a zama a kansa, ba a jingina da shi. Ku bi ta tsakanin layuka, in layin ya ɓace ku zagaya.

Ka bar dattijon ya shiga ta hanyar da ya ce an shiga da gawar, ko da yanzu ba ita ake bi ba. Ƙafa tana tuna abin da baki ya manta. Inda ya tsaya, ka ajiye ɗan dutse a gefe, ka ɗauki hoto, kada ka ce komai. Wata rana ka kawo na biyu, bayan ka ɗauke dutsen don kada ya gani. In sun tsaya wuri ɗaya, alhamdu lillahi. In sun saɓa, ka rubuta duka biyun.

Sannan ka karanta ƙasar da kanka. A ƙasar Hausa alƙibla gabas take, shi ya sa kan mamaci yake kudu. A nan kuwa Makka tana arewa maso gabas da mu, don haka kan kabari yana kudu maso gabas, ƙafafu arewa maso yamma. In ka gane wannan za ka iya bin layin kaburbura ko da tudunsu ya kwanta. Tsohon kabari yakan nuna kansa ta hanya uku: ko ɗan tudu mai tsawo, ko ɗan kwari inda lahadu ya rufta, ko tsakuwa da gutsattsarin jan bulo da suka taru wuri guda a cikin baƙar laka da ba ta da dutse ko ɗaya. Tsawon kuma yana raba maka na babba da na yaro.

Bishiya shaida ce, amma ka bincike ta. Aduwa da magarya da kuka suna daɗewa, suna iya zama waɗanda aka gani ranar jana'izar. Tumfafiya da miskit, itacen ƙayar nan mai saurin yaɗuwa, kuwa jiya-jiya suka fito. Ko aduwar ma, ka tambaya ko ita ce ta asali ko 'yarta ce. Tamu ta asalin an sare ta tun tuni, kututturenta muka samu a binne cikin ciyawa, taku goma sha biyu daga wadda kowa yake nunawa. Da mun bi ta yanzu, da mun kafa dutse a kan bawan Allahn da ba namu ba.

In shaida ba ta cika ba

Ƙa'idar da muka ɗora wa kanmu ita ce shaidu biyu da ba su ji maganar juna ba, sannan ƙasa ta gaskata su. In ba ka sami wannan ba, kada ka zaɓi wani tudu don zuciyarka ta kwanta. Ka ce yana cikin wannan sashe, ka gyara sashen gaba ɗaya, ka yi wa duk na ciki addu'a. Addu'a ba ta ɓatan hanya. Kuma ko kusa kada ka yarda da mai cewa a soka rodi a ƙasa a ji ko akwai lahadu, balle a tona a duba. Hadisi ya zo cewa karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye.

Ranar gyara

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ka kira gayya, wadda maƙwabtanmu Larabawa ke ce wa nafir, mutum shida zuwa goma sun isa. Kayan aiki su ne adda, lauje, fartanya, shebur, kwanon ɗiban ƙasa, igiya, turaku da jarkokin ruwa. Mata su dafa balila, wato dafaffen hatsi, a gida a raba sadaka, amma a ci a wajen makabarta.

Ku fara da ciyawa. Da lauje ake yanke ta, a kwashe a fitar. Kada a cinna wuta, komai yawanta. Ban da rashin ladabi ga na kwance, wuta tana cinye itacen da wasu suka kafa alama, tana fasa dutse, iskar hunturu kuma tana iya kai ta gonar wani.

Miskit shi ne babban abokin gaba. In ka sare shi a sama zai tofo da rassa fiye da na da, maganinsa a tono gindin a cire. Tsakanin kaburbura, inda aka tabbata ba kowa a ƙasa, a yi hakan. Amma wanda ya fito a kan kabari ba a tono shi. A yanke shi daidai da ƙasa, duk lokacin da ya tofo a sake yankewa, har ya gaji. Awaki ne ke yaɗa irinsa cikin kashinsu, shi ya sa in ba a kare makabarta daga dabbobi ba, aikin baɗi ma yana nan.

Sai cike kabarin. Ƙasar da za a zuba daga wajen makabarta ake kawo ta a karo, wato amalanke. Kada wani ya kankare gefen kabarin maƙwabci don ya cika na kakansa. Na ga an yi, kuma zalunci ne. Ku kafa turaku huɗu ku ja igiya daidai tsawo da faɗin kabarin, don kada a ci hakkin na kusa. A tsaya a gefe a zuba ƙasa kaɗan-kaɗan, a yayyafa ruwa, a daddanna da bayan shebur, a sake zubawa. Ba a hawa a tattaka da ƙafa. Tudun kada ya wuce kamar taƙi ɗaya, a yi masa ɗan doro yadda ruwan sama zai gangara gefe. Daga nan a shimfiɗa tsakuwa a kai, a jera duwatsu ko jan bulo a kewaye ba tare da an haɗa su da komai ba. Tsakuwar ce ke karya ƙarfin ruwan sama, ita ce kuma za ta gaya wa na baya cewa akwai mutum a nan.

Yanzu maganar siminti, wadda na san a kanta za a yi gardama a gidanku kamar yadda aka yi a namu. Ɗan'uwan da ke aiki a Jidda ko Riyad zai turo kuɗi ya ce a yi wa kaka abin da ya dace da shi, a zuba kankare, a yi fenti. Niyyarsa kyakkyawa ce, amma ka ba shi haƙuri. Hadisin Jabir da Muslim ya ruwaito ya hana shafe kabari da farar ƙasa, da zama a kansa, da yin gini a kansa, kuma duk wanda ya karanta Risala a zaure ya san malamanmu na Malikiyya sun karhanta hakan. Ban da hukuncin, ƙasarmu ma ba ta karɓar siminti. Baƙar lakar nan da rani tana tsagewa har hannu ya shige, da damina ta sha ruwa ta kumbura. Abin da aka ɗora mata mai tauri sai ta ɗaga shi ta sauke har ya karye. Shekarun baya mun yi wannan kuskure a kabarin wani baffanmu. Damina uku kacal, kankaren ya rabe biyu, ruwa ya riƙa bin tsagar yana shiga ciki kai tsaye, rabin ya nutse. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ranar da muka je cire shi, guntu-guntu muka riƙa ɗagawa da hannu don tsoron kada kabarin ya rufta, ban taɓa jin nauyin aiki irin na ranar ba. Tsakuwa da dutse kuwa suna motsi tare da ƙasar, in sun zame ka mayar da su cikin minti goma.

Kuɗin ɗan'uwan a sa su a shinge. Shingen ma kada a yi wa kabari ɗaya, domin killace naka kaɗai cin filin jama'a ne. A kewaye makabartar duka, ko ɓangaren da ke bakin burtali, da waya in da hali, in babu da ƙayar magarya. In ruwa yana ratsa wurin da damina, a yi masa 'yar hanya daga can sama, wajen kaburbura, a karkatar da shi.

Alama da rubutu

Sa alama sunna ce. Lokacin da aka binne Usmanu ɗan Maz'un a Baƙi'a, Manzon Allah da kansa ya ɗauko dutse ya ajiye wajen kansa don ya riƙa gane kabarin, ya kuma binne iyalinsa kusa da shi. Ka nemi dutse mai nauyi wanda yaro ba zai iya ɗagawa ba, irin na Jabal Moya in ka samu, a binne sulusinsa wajen kai, a sa ƙarami wajen ƙafa. Allon ƙarfe da ake yayi yanzu fentinsa yana goguwa cikin 'yan shekaru, ya yi tsatsa, masu tsintar ƙarfe kuma ba sa barin sa.

Rubutu a kan kabari akwai saɓanin malamai, da yawa sun karhanta, wasu sun yi sauƙi a kan suna kaɗai don ganewa. Ka tambayi limaminku ka bi abin da ya ce. Amma ayar Alƙur'ani ko sunan Allah kada a rubuta, domin dabba za ta taka, ƙura ta rufe. Kuma ina roƙonka kada ka rubuta masa shahidi. Shahidan Burmi suna Burmi. Naka Allah ya tsirar da shi, ya ɗora masa wata jarrabawar, ta tafiyar shekaru da yunwa da baƙunta da kafa gida a ƙasar da ba ya jin harshenta. Wannan ya ishe shi daraja, ba ya bukatar a ara masa wata.

In kogi ya matso

Tsofaffin makabartun da ke bakin Shuɗin Nilu suna da wata matsalar: duk shekara in kogi ya cika a Agusta da Satumba yana cin gaɓa, wani lokaci ya zabtare ƙasa mai yawa a dare ɗaya. Ka kafa turke tsakanin kabarin da gaɓar, ka auna tazarar bayan kowace damina, ka rubuta. In ka ga tana raguwa sosai, maganar ta wuce ta gidanku, ta zama ta liman da shehun hilla da duk masu 'yan'uwa a wurin. Shari'a ta yarda a ɗauke mamaci in akwai lalura irin wannan. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa ruwa ya tone kabarin sahabbai biyu shahidan Uhudu, Amru ɗan Jamuhu da Abdullahi ɗan Amru, aka ɗauke su aka sauya musu wuri shekara 46 bayan yaƙin. Amma aiki ne na manya masu sani, da sabon likkafani a hannu, da sabon kabari a haƙe tun kafin a fara, ba taron kallo, ba ɗaukar hoto.

Ka rubuta, ka raba

Ka tsaya a gefen kabarin ka ɗauki lambobin wurin a Google Maps, amma kada ka dogara da su kaɗai. Waya tana iya kuskuren mita uku zuwa biyar, kabari kuwa faɗinsa bai kai mita ɗaya ba. Abin da ya fi tabbas igiya ce. Ka zaɓi abubuwa biyu da ba sa motsi, kamar kusurwar shinge da gindin babbar bishiya, ka auna daga kowannensu zuwa dutsen kai, ka rubuta mita nawa. Ko dutsen ya ɓace, in mutum biyu suka ja igiyoyin nan, inda suka haɗu nan ne wurin. Ka zana taswira da hannu, ka sa sunan na dama da na hagu da na wajen ƙafa. Ka ɗauki hoto daga kusurwa huɗu.

A bayan takardar ka rubuta tarihinsa: sunansa da na mahaifinsa, garin da ya fito, wanda ya bi, hanyar da suka ratso, matansa da 'ya'yansa. Ka raba abin da shaida ya gani da idonsa da abin da aka ce an ce, ka sa sunan wanda ya faɗa maka kowanne. In labari ya zo cewa shi kaɗai ya kashe Turawa goma, ka rubuta cewa haka ake faɗa a gida, kada ka mayar da shi tabbas. Turawan da ke Burmi 'yan kaɗan ne, yawancin sojan da suka zo da su baƙaƙen fata ne, cikinsu har da Hausawa, kuma wannan ma yana cikin abin da ya kamata jikoki su sani. Mai son ya zurfafa, akwai takardun zamanin a Gidan Arewa da ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Kaduna, da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da ma'ajiyar takardun Sudan a jami'ar Durham ta Ingila. Da wuya ka ga sunan talaka a ciki, amma za ka ga ranaku da hanyoyi da sunayen shugabannin da ya bi.

In kuwa tsohon sojan gidanku na Yaƙin Duniya na Biyu ne, irin waɗanda suka yi Kasala da Karan a 1941, ko waɗanda aka kai yaƙin ƙasar Bama suka dawo suka biyo hanyar hajji suka zauna a nan, matakan duka ɗaya ne. Bambancin kawai shi ne takarda. Ka binciki tsohuwar akwatinsa ko ta matarsa, ko za a dace da lambar girma ko takardar sallama mai lambarsa ta soja. Hukumar kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila, mai kula da makabartar soja ta Kartum, sunayen waɗanda suka mutu a lokacin yaƙin take ajiyewa, don haka wanda ya rasu a gida da tsufansa ba za ka same shi a can ba.

Takardar a yi ta kwafi uku: ɗaya a gidan babban dangi, ɗaya a wurin liman, ɗaya a hannun wani ɗan'uwa da ke wani gari. Hotonta da muryoyin dattawa a tura su zauren dangi na WhatsApp, a kuma ce wa na Saudiyya da na Najeriya su adana nasu. Mun ga yadda mutane suka fita daga gidajensu da kayan jikinsu kaɗai, aka bar akwatuna da takardu a baya.

Daga nan sai kewayawa sau biyu a shekara. Ɗaya a watan Mayu, kafin ruwan farko, a cike tsagar da rani ya buɗe kusa da kabarin, a share hanyar ruwa, a toshe inda shinge ya ɓalle. Ɗaya kuma a Nuwamba, a yanke ciyawa da tofon miskit, a mayar da tsakuwar da ta gangara. Duk zuwa ka tafi da yaro ɗaya ko biyu na gidan, ka bar su su shige gaba su nemo dutsen da kansu, kai kana biye. Ranar da muka gama namu, an dawo da gwaggo labari tana zaune a kan angarib ɗinta, gadon igiya, a rakuba, wato rumfa. Ta tambaya ko mun ga na kishiyar innarsu a ƙafafunsa, na ce mun gani, Gwaggo, shi ma mun zuba masa tsakuwa. Ta ce to saura na ƙanenta da ya rasu yana goye, yana nan ta yamma da su, in mun koma a Mayu mu duba.